Tsohon Fim Ɗaya, Faifai Iri-iri: Daga Ina Bambancin Yake, Kuma Wanne Ya Cancanci Kuɗi?

Wani mai sha'awar tsofaffin fina-finai ya turo tambaya cewa ya ci karo da kwafi uku na fim guda, ɗaya a faifan kasuwa, ɗaya a intanet, ɗaya kuma a wani faifai mai tsada da wani kamfanin ƙasar waje ya fitar. Da ya gwada su sai ya tarar tsawonsu ba ɗaya ba, launinsu ba ɗaya ba, har ma akwai fitowar da ke cikin wannan amma babu ita a wancan. Yana son sanin tushen wannan bambanci, da kuma ko akwai hujjar kashe kuɗi masu yawa a kan fim ɗin da wataƙila ya girme shi.

Malam, sunan da ka gani a jikin kwali, ko DVD ne ko Blu-ray ko 4K, mazubi kawai yake bayyana maka. Ingancin abin da aka zuba a ciki ya rataya ne a kan zaren fim ɗin da aka ciro hoton daga gare shi, da sigar fim ɗin da aka zaɓa, da kuma irin hannun da ya yi aikin gyaran. Ana samun faifan 4K da aka ɓata da yawan gyara, ana kuma samun tsohon DVD wanda ya fi shi riƙe amanar fim ɗin nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda ke son ya iya zaɓe, dole ya fara fahimtar hanyar da hoto ke bi tun daga kyamara har ya iso falonsa.

Kafin zuwan kyamarar dijital, ana ɗaukar yawancin fina-finai ne a kan zare mai faɗin milimita 35. Zaren da ya zagaya cikin kyamara a ranar ɗauka shi ne negatif na asali, kuma guda ɗaya ne tak a duniya. Ba a kai shi gidan silima, domin kowane zagaye a cikin na'ura yana bar masa tabo. Daga jikinsa ake buga kwafi na tsakiya, daga na tsakiyan a buga wani negatif na aiki, sannan daga wannan a buga ɗaruruwan kwafin da ake rabawa gidajen kallo. Ke nan hoton da mutanen Kano suka riƙa gani a Plaza ko El Dorado tsatso na huɗu ne, kuma sau da yawa sai kwafin ya gama yawo a wasu ƙasashe kafin ya iso, ya sha karce, an yanke wuraren da suka tsinke an liƙe. Lamarin daidai yake da fotokwafin da aka yi daga wani fotokwafin: rubutun yana nan, amma kowane mataki yana cinye wani abu daga kaifinsa. A zamanin kaset, kamfanoni da yawa ba su damu da neman asali ba, duk kwafin da ya zo hannu shi suke juyewa, tunda kaset ɗin VHS da JVC ya fitar a 1976 ba shi da ƙarfin da zai tona asirin bambancin. Faifan VCD, wanda ya mamaye kasuwanninmu daga baya, hotonsa ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye, yayin da Blu-ray ke ɗaukar 1920 da 1080, na 4K kuwa 3840 da 2160. Da allon talabijin ya girma, sai duk abin da ƙaramin allo ke rufawa ya fito fili.

Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin da suka san aikinsu ke komawa rumbun ajiya su nemo negatif na asali, ko mafi kusa da shi, su wanke, su gyara ramukan gefen zaren da suka yage, sannan su ɗauki hoton kowane gida, wato kowane ɗan hoto guda da ke jere a jikin zaren, ɗaya bayan ɗaya da na'urar sikana. Fim yana tafiya ne da gida 24 a kowace daƙiƙa, wato fim mai awa biyu yana da gida 172,800, kuma akwai waɗanda sai an bi su da hannu ana cire ƙura da tabo. Kamfanin da ya yi irin wannan wahala ba ya ɓoye ta. Za ka tarar a ɗan littafin da ke cikin kwalin, ko a bayansa, an rubuta ƙarara cewa daga negatif na asali aka ɗauko hoton, a ɗakin gyara kaza, kuma wane ne ya duba launin. Idan kuwa abin da ke jikin kwalin bai wuce cewa an sabunta fim ɗin da fasahar zamani ba, babu sunan zare babu sunan wurin aiki, to a mafi yawan lokuta tsohon kwafin bidiyo ne aka ƙara wa haske aka sauya masa riga.

Sau da yawa asalin ma babu shi. Har zuwa farkon shekarun 1950, zaren fim na sinadarin naitret ne, wanda ke kamawa da wuta cikin sauƙi, kuma idan ya kama ruwa ba ya kashe shi. Gobarar rumbun kamfanin Fox a 1937 da ta MGM a 1965 sun cinye fina-finai masu ɗimbin yawa, kuma wani bincike da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka na zamanin da babu sauti sun ɓace ɗungurungum. A Indiya ma fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na 1931, babu kwafinsa ko ɗaya da aka sani. Zaren da ya gaji naitret ba ya cin wuta haka, amma yana da nasa ciwon: idan zafi da laima suka haɗu a kansa sai ya fara warin tsami, ya motse, ya kanannaɗe har ya ƙi shiga na'ura. Launin Eastmancolor da aka fi amfani da shi daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 shi kuma koɗewa yake yi, shuɗi da rawaya su gudu su bar ja. Idan ka taɓa ganin tsohon fim wanda sararin sama da ciyawa da fuskokin mutane duk suka koma ruwan hoda, wannan ciwon ka gani, ba haka daraktan ya ɗauka ba.

Misalin da ya fi nuna iyakar abin da gyara ke iyawa shi ne na fina-finai uku na daraktan Indiya Satyajit Ray da ake kira jerin Apu. A 1993 gobara ta tashi a wani ɗakin aikin fim a Landan inda aka ajiye negatif ɗinsu, suka ƙone, wasu suka manne da juna. Ba a zubar da ragowar ba, aka adana ta kusan shekara ashirin, har sai da kamfanin Criterion na Amurka, mai fitar da tsofaffin fina-finai a faifai, da rumbun ajiya na cibiyar da ke ba da kyautar Oscar suka miƙa ta ga ƙwararrun Bologna a Italiya, waɗanda suka riƙa tausasa zaren da sinadarai suna warware shi a hankali. An ceto kusan kashi 40 cikin ɗari na Pather Panchali, fim na farko a jerin, daga ƙonannen asalin, da sama da kashi 60 na fim na biyu, sauran kuma aka cike da kwafi na tsakiya da aka samo a wurare daban-daban, aka fitar da su a 2015. Labarin Metropolis, fim ɗin Jamus na 1927, ya ɗan sha bamban. Jim kaɗan bayan fitowarsa masu rarrabawa suka datse kusan rubu'insa, kuma shekara tamanin ana ɗauka abin da aka datse ya tafi ke nan, sai a 2008 aka gano wani kwafi mai milimita 16 a gidan tarihin fim na Buenos Aires a Ajantina. Daga shi aka dawo da kusan minti 25. Wanda ya kalli sigar 2010 zai lura da wani abu: hoto yana tafiya garau, sai kwatsam ya rikiɗe ya cika da layukan karce a tsaye, ya ɗan tsuke, a yi daƙiƙa ashirin a haka, sannan ya koma garau. Ba lalacewar faifai ba ce, wuraren da aka ciro daga kwafin Ajantina ne, kuma masu gyaran sun yi daidai da suka bar su a yadda suke maimakon su ƙirƙiro abin da babu.

Bambanci na biyu da ke saurin bayyana shi ne siffar hoton. Tsofaffin fina-finai da tsohuwar talabijin kusan siffarsu ɗaya, faɗi huɗu tsayi uku. A 1953 kamfanin Fox ya fito da CinemaScope domin ya janye mutane daga gaban talabijin, hoton ya zama faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu. Da aka zo juye irin waɗannan fina-finai a kaset, sai aka zaɓi a cika allo ko ta halin ƙaƙa, aka riƙa yanke gefe da gefe, abin da ke zubar da fiye da kashi 40 cikin ɗari na hoton. Ka ɗauki fitowar da jarumi ke tsaye a ƙarshen hagu, bos yana ƙarshen dama, tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke ɗaure zuciyar mai kallo. A kaset sai ka ga ko dai fili ne kawai a tsakiya da ƙarshen hancin kowannensu, ko kuma hoton yana zamewa daga wannan zuwa wancan, motsin da mai kyamara bai taɓa yi ba. Baƙaƙen layukan da ke sama da ƙasan allo, waɗanda mutane da yawa ke ƙorafin cewa sun rage musu hoto, su ne shaidar cewa ba a rage komai ba. Yanzu kuma da talabijin ya koma mai faɗi, cutar ta juya: ana yanke kai da ƙafa na tsofaffin fina-finai, ko a ja su ta gefe har siraran mutane su koma gajeru masu ƙiba. Fim ɗin da aka yi kafin 1953 kamata ya yi ya zo da baƙin fili a hagu da dama.

Game da bambancin tsawon lokaci, ba kullum ne yake nufin an yanke wani abu ba. Tsarin talabijin na PAL, wanda Turai da Nijeriya da Ghana ke bi, yana tafiya ne da gida 25 a daƙiƙa, alhali fim 24 ne, don haka hanyar da aka saba bi ita ce a ɗan ƙara wa fim ɗin gudu da kusan kashi 4 cikin ɗari. Fim mai minti 120 sai ya koma kusan 115, muryoyi da kiɗa su ɗan ƙara tashi sama. Mai kunnen waƙa yana iya jin haka a fina-finan Indiya idan ya gwada waƙar faifan da ta kaset ɗin sauti. Blu-ray ya kawar da wannan matsala a mafi yawan lokuta, tunda yana iya tafiya da gudun fim na asali. To idan ratar da ke tsakanin kwafi biyu ta tsaya a minti huɗu ko biyar cikin awa biyu, ga dalilin nan. Idan ta wuce haka, sigogi biyu ne daban, kuma a nan ne maganar ta fi zurfi.

Fim yana iya samun siga fiye da ɗaya ta hannun hukumar tace fina-finai. Sholay, wanda ya fito a 15 ga Agusta 1975, lokacin dokar ta-ɓaci a Indiya, an ɗauki ƙarshensa ne Thakur, tsohon ɗan sanda, yana kashe bos ɗin, Gabbar, da kansa, amma hukumar ta ƙi amincewa da tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa, aka sake ɗauka 'yan sanda suka iso suka kama Gabbar. Sigar da aka tace ita ce aka fi sani shekara da shekaru, kuma a 2025 gidauniyar adana fina-finai ta Indiya ta nuna gyararriyar siga mai ƙarshen asali a Bologna. A Birtaniya, farkon shekarun 1980 kaset ya shigo babu dokar da ta shafe shi, ƙananan kamfanoni suka cika shagunan haya da fina-finan ban tsoro masu zubar da jini, jaridu suka yi ca, hukuma ta fitar da jerin sunayen da suka kai 72, aka yi nasarar gurfanar da 39 a kotu, sannan a 1984 aka kafa dokar da ta wajabta tace kowane bidiyo. Sakamakon haka kwafin Birtaniya na fina-finai da yawa ya daɗe yana da giɓi, kuma wani abin mamaki, wannan jerin na haramci shi ne ya zama jerin sayayya ga 'yan gani-kashe-nin irin waɗannan fina-finai har gobe.

Wani lokaci kuma mai fim ɗin ne da kansa ke komawa ya taɓa aikinsa. Blade Runner bai yi kasuwa sosai ba a 1982, kaset da LaserDisc, babban faifan bidiyo da ya gabaci DVD, su ne suka tara masa masoya, har aka fitar da siga ta biyu a 1992 wadda aka cire muryar mai ba da labari da ƙarshen farin ciki da kamfani ya ɗora masa, sannan a 2007 daraktansa Ridley Scott ya fitar da wadda ya ce ita ce tasa ta ƙarshe. Abin yabawa shi ne a wannan shekarar an haɗa sigogi biyar a kwali guda, kowa ya zaɓi wadda yake so. George Lucas ya bi wata hanya da Star Wars na 1977: ya sauya fitowa da dama a 1997, ya ci gaba da sauyawa a fitarwa na gaba, sigar asali kuwa da aka saka ta a DVD a 2006, daga tsohon kwafin LaserDisc na 1993 aka juyo ta ba tare da wani gyara ba. Ra'ayina a nan a fili yake. Darakta yana da 'yancin sake gina aikinsa yadda ya ga dama, amma fim ɗin da miliyoyin mutane suka kalla a shekarar fitowarsa ya riga ya shiga tarihi, kuma faifan da ya ɓoye shi ya tauye mai saye. Fitarwa mai mutunci tana ajiye sabuwar siga kusa da tsohuwa.

Fina-finan faɗa na Hong Kong, waɗanda matasanmu suka taso da su, nasu lamarin ya fi rikitarwa ta ɓangaren sauti. A shekarun 1970 yawanci ba a naɗar murya a wurin ɗauka, daga baya ake ɗora ta, don haka fim guda yana iya samun muryar Mandarin da ta Kantonis da ta Turanci, wani lokaci kowace da kiɗanta, kuma sigar da aka tura ƙasashen waje takan fi ta gida gajarta. Muryar Turancin nan mai ban dariya, wadda baki ke motsi bayan magana ta ƙare, ita ce mutane da yawa suka sani a matsayin fim ɗin, shi ya sa kamfanoni masu lura ke saka ta a matsayin zaɓi kusa da ta asali. Kamfanin Celestial Pictures ya sayi fina-finan kamfanin Shaw Brothers na Hong Kong kusan 760 ya fara fitar da su a gyare daga 2002, Criterion ya haɗa na Bruce Lee a kwali guda a 2020, Arrow na Ingila kuma ya fara nasa jerin na Shaw a 2021.

Akwai ɓarnar da gyara da kansa ke yi, kuma ita ce ta fi yaudarar sabon mai saye, domin a kallon farko kamar kyau take. Hoton zare an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin sinadari, shi ya sa idan ka matsa kusa da allo za ka ga yana ɗan motsi ko da babu abin da ke motsawa a fitowar. Waɗannan ƙwayoyi ba datti ba ne, a cikinsu cikakken bayanin hoton yake. Idan aka sa kwamfuta ta share su, sai ta haɗa da ramukan fata da gashin gira da saƙar riga. Blu-ray ɗin Predator na 2010 ya yi ƙaurin suna a kan haka: fuskokin sojojin da ke cikin dajin, waɗanda ya kamata su cika da gumi da ƙura, sun koma sumul suna ƙyalli kamar an ƙera su da roba, sai da aka sake fitar da fim ɗin a 2018 kafin kamanninsa suka dawo. Launi ma haka yake. A 2009 darakta William Friedkin ya sauya launin fim ɗinsa The French Connection a Blu-ray, mai kyamarar fim ɗin, Owen Roizman, ya fito fili ya yi tir da abin, daga baya su biyun suka zauna tare aka fitar da gyararre a 2012. Wannan ya nuna cewa ko sa hannun darakta a bayan kwali ba hujja ba ce mai yanke gardama, musamman idan shekara arba'in ta shiga tsakaninsa da aikin. Yanzu kuma an shigo da manhajojin da ke hasashen abin da babu a hoto su zana shi, kuma alamarsu takan fito a fuskokin mutanen da ke can baya cikin taro, da rubutun allunan kan titi, inda za ka ga siffofi masu kaifi amma marasa ma'ana.

Batun tsada yana da alaƙa da waɗanda ke wannan sana'a. Manyan kamfanoni sun karkata ga haska fina-finai ta intanet, sun bar tsofaffin kayansu ga ƙananan kamfanoni irin su Criterion da Kino Lorber da Vinegar Syndrome a Amurka, da Arrow da Eureka da cibiyar fina-finai ta Birtaniya a Ingila. Irin wannan kamfani yana biyan lasisi na 'yan shekaru a yanki ƙayyadadde, ya biya kuɗin sikana da gyara, ya biya masu fassara da masu sharhi, sannan ya buga kwafi 'yan dubbai kawai. Kuɗin da a da ake rabawa kan masu saye masu ɗimbin yawa yanzu a kan 'yan kaɗan yake sauka, kuma idan lasisi ya ƙare faifan ya ɓace daga kasuwa, farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabo. Ƙarin kayan da ke zuwa da faifan ma ba ado ba ne kawai. Criterion ne ya fara ɗora muryar masani yana sharhi a kan fim yayin da yake tafiya, a King Kong da ya fitar a LaserDisc a 1984 da muryar Ronald Haver, kuma ga mai son koyon sana'ar fim, sharhi mai kyau guda ɗaya yana iya fin darasin aji amfani.

Night of the Living Dead na George Romero ya isa misali a kan abin da ke faruwa idan babu mai kula. Lokacin da masu rarrabawa suka sauya masa suna a 1968, sun manta ba su saka alamar haƙƙin mallaka a sabon allon sunan ba, kuma dokar Amurka ta wancan lokaci ta wajabta alamar, don haka fim ɗin ya zama na kowa. Duk mai na'urar juyewa ya fitar da nasa, akasari daga kwafi masu duhu da sauti mai shaƙewa, har aka yi masu shafa masa launi. Mutane da yawa sun ɗauka haka fim ɗin yake, aikin talauci marar fasali, sai da gidan tarihin fasahar zamani na New York ya gyara shi daga negatif na asali, Criterion ya fitar a 2018, sannan aka ga irin lissafin haske da inuwa da ke cikinsa.

Idan za ka saya daga waje, ka kula da kullen yanki, wato tsarin da ke hana faifan wani yanki na duniya tashi a na'urar wani yankin. A tsarin DVD, Nijeriya da Nijar suna yanki na 5, Turai na 2, Amurka na 1, kodayake yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu suna karanta kowane. Blu-ray ya fi tsanani: Afirka da Turai suna yankin B, Amurka na A, Indiya na C, saboda haka faifan Ingila ya fi dacewa da na'urar da aka sayo daga Turai ko ƙasashen Larabawa, na Amurka kuwa yana iya ƙin tashi. Faifan 4K ba shi da wannan kulle. Faifan kasuwa mai fim goma ko ashirin a ciki ba sai an tsaya dogon bayani a kansa ba, tunda DVD mai hawa biyu gigabait 8.5 yake ɗauka, kuma fim guda mai kyau yana iya cinye mafi yawansa. Kallo ta intanet yana da sauƙi, wani lokaci ma gyararren kwafin ne ake haskawa, sai dai ana matse hoton sosai domin ya iya bin layi, wuraren duhu su ne ke fara farfashewa, kuma fim ɗin da ke nan yau yana iya ɓacewa gobe idan yarjejeniya ta ƙare, ko a musanya shi da wata siga ba tare da sanarwa ba.

Wannan aiki ya fara isowa fina-finan Afirka. Gidauniyar da Martin Scorsese ya kafa a 1990 ta buɗe reshen fina-finan duniya a 2007, ta gyara Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty da La Noire de... na Ousmane Sembène, dukansu daga Senegal, kuma a 2017 ta haɗa hannu da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Afirka da nufin gyara fina-finai 50 na nahiyar. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai aka gano zarensa a ajiyar hukumar fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne a kan zare aka ɗauke shi, kuma zare yana riƙe da bayanin da ya fi ƙarfin kowace talabijin ta zamaninsa.

Fina-finan bidiyo na Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, ba su da wannan gata. An ɗauke su ne kai tsaye a kan kaset, don haka iyakar kaifin hotonsu shi ne abin da kaset ɗin ya naɗa a ranar, kuma duk wanda ya ce maka ya mayar da irin wannan fim 4K, girman hoton kawai ya ƙara, ko kuma manhaja ce ta zana masa abin da kyamara ba ta gani ba. Abin da za a iya yi musu na gaskiya shi ne a nemo uwar kaset ɗin da aka tace fim ɗin a kai, ba kwafin kasuwa ba, a juye ta da na'ura mai lafiyayyen kai ba tare da matse hoton ba, a daidaita rawar layuka da sauti, a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban. Kaset yana saurin mutuwa a zafi da ƙura fiye da zare, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina tun 2016, don haka na'urorin da za a yi juyin da su su ma raguwa suke yi kowace shekara.